Shanu masu tozo da marasa tozo: jinsi ɗaya ne ko biyu?

Wanda ya buɗe littattafan ilimin dabbobi yana neman sunan saniya mai tozo na kimiyya zai iya cin karo da amsa uku. Wani littafin ya rubuta Bos indicus, wani Bos taurus indicus, wani kuma Bos primigenius indicus. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, kuma babu wanda ya yi shirme a cikinsu. Kowane suna yana ɗauke da matsayar marubucinsa a kan tambaya guda: shanun duniya, waɗanda yawansu ya haura biliyan ɗaya, jinsi ɗaya ne mai rassa, ko jinsi biyu ne da suka yi kusa har suna haihuwa da juna? Amsar tana da amfani ga likitan dabbobi da mai haɗa iri, domin a nan ne ake fahimtar dalilin da ya sa wata saniya take jure rana da kaska, wata kuma take zubar da madara amma zafi ya kayar da ita.

Matakan sama na rabon ba su da gardama. Saniya dabba ce mai ƙashin baya, mai shayarwa, tana cikin rukunin Artiodactyla, wato masu tsagaggen kofato da nauyin jikinsu ke sauka a kan yatsu biyu na tsakiya. A wannan rukuni ne raƙumi da alade da dorina da raƙumin dawa suke. Daga nan sai ƙaramin rukunin Ruminantia na masu tuƙa, masu ciki mai ɗaki huɗu. Sai dangin Bovidae, inda take tare da tumaki da awaki da ɓauna. Alamar wannan dangi ita ce ƙaho mai ƙashi a ciki da kube a waje, wanda ba ya reshe kuma ba ya zubewa duk shekara. Ba su da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, kuma babbar saniya haƙoranta 32 ne. Ƙasa da wannan akwai ƙaramin dangin Bovinae, sai zuriyar Bos. Daga nan ne ake fara sa-in-sa.

Sunaye biyu daga hannun mutum ɗaya

A shekarar 1758 Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin da ya kafa tsarin ba kowace halitta suna mai kalma biyu, ya raɗa wa shanun Turai marasa tozo Bos taurus, masu tozo na Indiya kuma Bos indicus. A ganinsa jinsi biyu ne. A 1827 Ludwig Bojanus ya ba kakansu na daji suna Bos primigenius, bayan ya yi nazarin ƙasusuwansa. Wannan san dawa ƙato ne, tsayin bijiminsa a kafaɗa yakan kai santimita 155 zuwa 180, ƙahonsa ya lanƙwaso gaba, kuma shi ne aka zana a bangon kogon Lascaux na Faransa. Ya taɓa mamaye Turai da Asiya da Arewacin Afirka. Ta ƙarshe a cikinsu, mace, ta mutu a dajin Jaktorów na ƙasar Folan a 1627.

Matsalar da ta taso ita ce, a ƙa'idar raɗa suna, wanda ya riga shi ke da gaba. In dabbar gida da kakanta na daji jinsi ɗaya ne, ya kamata na dajin ya ɗauki sunan taurus tunda ya girmi primigenius da kusan shekara saba'in. Masana da yawa ba su ga dacewar a kira dabbar daji da sunan jikarta ta gida ba. A 2003 hukumar duniya mai kula da sunayen dabbobi ta yanke hukunci mai lamba 2027, inda ta tabbatar da sunayen dabbobin daji 17 da ke da 'yan uwa na gida, ciki har da Bos primigenius. Hukuncin bai ce shanu jinsi ɗaya ne ko biyu ba. Abin da ya ce kawai shi ne, wanda ya ɗauki na gida da na daji a matsayin jinsi ɗaya, to sunan na dajin zai yi amfani da shi. Wanda ya raba su yana da damar ci gaba da cewa Bos taurus. Shi ya sa sunayen nan uku suke yawo tare har yau.

A rubuce, kalmar farko ita kaɗai ke farawa da babban baƙi, ta biyu ita ce jinsi, ta uku in akwai ita ce ƙaramin jinsi. Sunayen iri kamar Holstein ko Nelore ko N'Dama ba sa shiga wannan tsari sam. Iri abu ne da makiyaya da ƙungiyoyin masu kiwo suka ware ta hanyar zaɓe, kuma akwai fiye da dubu a duniya. Kuskure ne da ake yawan yi a ɗauki iri a matsayin ƙaramin jinsi.

Sau biyu aka horar da san dawa

Abin da ya raba shanu gida biyu ya girmi kiwo nesa ba kusa ba. Nazarin DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, ya nuna kakannin marasa tozo da na masu tozo sun rabu tun ɗaruruwan dubban shekaru, lokacin babu wanda ya taɓa ɗaure dabba a turke. Reshen yamma, Bos primigenius primigenius, shi aka horar kimanin shekara 10,500 da suka wuce a saman kogin Furat, yankin kudu maso gabashin Turkiyya da arewacin Siriya na yau. Wani lissafi da aka wallafa a 2012 ya nuna matan da aka fara da su ƙila ba su wuce 80 ba, abin da ke nuna yadda kama wannan dabba da sarrafa ta ya yi wuya. Reshen gabas, Bos primigenius namadicus, shi aka horar daga baya, kimanin shekara 8,000 da suka wuce, a kwarin kogin Indus. A Mehrgarh da ke Balochistan ta Pakistan an tono ƙasusuwan da ke nuna wannan sauyi.

An daɗe ana muhawara ko an yi horo na uku a Afirka, saboda ƙasusuwan da aka samu a Nabta Playa da Bir Kiseiba a hamadar kudancin Masar. Hujjar da ta fi nauyi a yanzu tana nuna shanun Afirka na farko daga Gabas ta Tsakiya suka shigo, sannan suka gauraya da san dawan Arewacin Afirka.

To me ya sa ba a yanke cewa jinsi biyu ne an huta ba? Saboda ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen raba jinsi shi ne haihuwa. Doki da jaki suna haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, don haka jinsi biyu ne. Mai tozo da marar tozo kuwa, in suka yi barbara, maraƙin ko mace ko namiji yana haihuwa lafiya, jikokinsa ma haka. Dukansu kuromosom 60 gare su, wato zarurrukan da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayoyin jiki: tagwaye 29 na jiki, da biyu na tantance namiji ko mace. Bambancin da ake iya gani a madubin ɗakin gwaji yana jikin kuromosom Y na bijimi kaɗai. A marar tozo mahaɗin hannuwansa biyu yana kusa da tsakiya, a mai tozo yana can bakin ƙarshe. Ta fuskar haihuwa, kenan, jinsi ɗaya ne. Ta fuskar tsawon rabuwa da sigar jiki, mai cewa biyu ne yana da abin kafa hujja. Matsayar da ta fi dacewa da abin da ake gani a garke ita ce ta ƙananan jinsi biyu a ƙarƙashin jinsi ɗaya, domin ita ce ke ɗaukar gaskiya biyun a lokaci guda: sun bambanta sosai, kuma babu katanga tsakaninsu.

A gwada da sauran 'yan zuriyar Bos a ga inda katangar take. Yak na tsaunukan Tibet shi ma kuromosom 60 gare shi, kuma yana haihuwa da saniya, amma namijin da aka haifa ba ya iya ba da ciki, macen ce kaɗai ke haihuwa. Kusan haka abin yake da banteng, kakan shanun Bali na Indonesiya, da gaur na dajin Asiya, kakan gayal da ake kiwo a can, mai kuromosom 58. Wannan ita ce ƙa'idar da J.B.S. Haldane ya bayyana a 1922: in gaurin jinsi biyu zai samu naƙasu, ɓangaren da ke da kuromosom ɗin tantance namiji ko mace mabambanta ne ke fara shan wahala, a dabbobi masu shayarwa kuwa namiji ne mai X da Y. Ɓaunar ruwa ta Asiya, Bubalus bubalis, mai kuromosom 50 ko 48, da ɓaunar Afirka, Syncerus caffer, ba sa cikin Bos, kuma ba sa haihuwa da shanu.

Abin da bambancin ke nufi a jikin dabba

Tozo shi ido ke fara gani, kuma tsoka ne da kitse, babu ƙashi a ciki. A mai tozo na ainihi yana zaune a kan kafaɗa, a tsaye, wani lokaci ya karkata baya a tsohon bijimi. Sai yalwar fatar da ke rataye a ƙarƙashin wuya da ta cibiya, kunne sau da yawa mai tsawo, gashi gajere mai santsi, ƙafafu dogaye, ƙugu mai gangara. Masu tono tarihi, da ba su da tozo a hannu sai ƙashi, suna duba ƙasusuwan baya na sashen ƙirji, domin a mai tozo tsinin da ke samansu yakan rabu biyu a kai.

Abin da ke ƙarƙashin fata ya fi tozon muhimmanci. Mai tozo yana da hanyoyin fitar da gumi manya kuma kusa da saman fata, jikinsa ba ya haifar da zafi mai yawa wajen sarrafa abinci, yana kuma iya rayuwa a kan ciyawa marar ƙarfi. Kaska ba ta samun zama a jikinsa kamar yadda take samu a na Turai. Saniyar Holstein ta Turai mai yawan madara kuwa, da zarar zafi ya wuce digiri 25 a ma'aunin Selsiyos, musamman in akwai laima a iska, sai ta rage cin abinci, numfashinta ya haura 60 a minti, madara ta ragu, ɗaukar ciki ya yi wuya. Dalilin a fili yake: sarrafa abinci mai yawa zuwa madara mai yawa shi kansa wuta ne a cikin jiki, kuma an zaɓe ta ne a ƙasashen da ba a buƙatar fitar da wannan zafi da gaggawa.

Juriyar tana da farashinta. Karsana mai tozo tana jinkirin balaga. Cikinta ya fi tsawo, kwana 290 ko ɗan fiye, alhali na marar tozo kimanin 283 ne. Lokacin da take neman sa gajere ne, sau da yawa da dare yake zuwa, alamunsa kuma ba su cika fitowa ba, shi ya sa masu ɗura maniyyi da hannu suke yawan kuskure lokacin in sun bi jadawalin da aka tsara don shanun Turai. Da yawa daga masu tozo ba sa sakin nono sai maraƙi yana kusa, don haka raba su da wuri yakan sa nonon ya ƙafe. Namansu kuma ya fi tauri, saboda suna da yawan wani sinadari mai suna kalfastatin, wanda ke hana tsoka yin laushi bayan yanka.

Kada a ɗauka duk marar tozo rago ne a zafi. N'Dama, wadda asalinta tsaunukan Futa Jallon ne na Gini, da Muturu da Baoulé da Lagune, duka marasa tozo ne, kuma su ne ke jure sammore a yankin ƙudan tsando, inda mai tozo ke ramewa ya mutu in ba magani. Ba wai cutar ba ta kama su ba ne. Tana kama su, amma jikinsu yana danne yawan ƙwayar cutar a jini, yana kuma hana jinin ƙarewa. Kuri ta tafkin Chadi, mai kumburarren ƙaho, ita ma marar tozo ce. Senepol ta tsibirin Saint Croix na yankin Karibiyan tana da wata ƙwayar gado guda da ke sa gashi ya zama gajere sumul, kuma wannan kaɗai yana ƙara mata jure zafi ƙwarai.

Inda rabon ya fi rikitarwa

Babu nahiyar da ta wahalar da masu rabe-rabe kamar Afirka. An saba kasa shanunta huɗu: marasa tozo, masu tozo irin su Boran da Gudali da Bunaji da Rahaji da Azawak, sai Sanga, sai Zenga. Sanga, irin su Ankole da Nguni da Tuli da Afrikaner, tozonsu ƙarami ne, ya fi yawan tsoka, kuma yana gaba, a mahaɗar wuya da kafaɗa. Wasu na ba su suna na kansu, Bos taurus africanus. Zenga kuwa, kamar Horro da Fogera na Habasha, gaurin Sanga ne da mai tozo.

DNA ya zo da abin da ido ba zai taɓa gani ba. Akwai gado iri uku da ake bi. Na mitokondiriya, wato 'yan sassan da ke samar da kuzari a cikin ƙwayoyin jiki, daga uwa kaɗai yake zuwa. Na kuromosom Y daga uba zuwa ɗa namiji kaɗai. Sauran kuwa rabi daga uwa, rabi daga uba. A marasa tozo layukan uwa ana kiransu T, inda T3 ya fi yawa a Turai, T1 a Afirka. A masu tozo na Indiya ana kiransu I1 da I2. Da aka gwada shanun Afirka masu tozo, har waɗanda tozonsu ya fi girma, sai aka tarar layin uwarsu T ne, na marasa tozo, alhali Y ɗin yawancin bijimansu na masu tozo ne. Fassarar wannan ita ce bijimai aka riƙa shigowa da su daga Asiya ta gaɓar gabashin Afirka, ana ɗora su a kan shanun da aka tarar, zuriya bayan zuriya. Annobar bushiya da ta shigo ta Eritiriya a 1887, ta hallaka mafi yawan shanun nahiyar cikin shekara goma, ta ƙara buɗe wa jinin masu tozo fili lokacin da aka sake gina garkuna. Irin wannan kwarara ta bijimai ta faru a Gabas ta Tsakiya tun kimanin shekara 4,000 da suka wuce, lokacin wani dogon fari. A Brazil ma Nelore masu tozo da yawa suna ɗauke da layin uwa na shanun da Turawan Fotugal suka kai.

Abin lura ga mai gwaji: sakamakon mitokondiriya kaɗai zai ce Boran marar tozo ce, sakamakon Y kaɗai zai ce mai tozo ce tsantsa, kuma duka biyun rabin labari ne. Sai an duba dubban alamomi a faɗin kuromosom na jiki kafin a iya cewa kaso nawa ne na wane reshe. Ko a nan ma akwai tarko. Taswirar gadon saniya ta farko da aka kammala a 2009 daga wata saniyar Hereford aka ɗauke ta, kuma kayan gwajin farko an zaɓi alamominsu ne daga irin Turai. In aka gwada mai tozo ko marar tozo na Afirka da irin wannan kaya, alamomi da yawa ba sa nuna bambanci, sai dabbar ta fito kamar gadonta ya fi ƙunci fiye da yadda yake a zahiri.

Lissafin gauri

Tunda rassan biyu sun yi nisa da juna amma suna haihuwa, gaurinsu na farko yana ba da ƙarin kuzari fiye da gaurin iri biyu na reshe ɗaya: maraƙi ya fi rayuwa, ya fi saurin girma, macen ta fi haihuwa. A kan wannan aka gina iri da dama. Santa Gertrudis, da aka samar a gonar King Ranch ta Texas aka amince da ita a 1940, kashi 5 cikin 8 Shorthorn marar tozo ce, 3 cikin 8 Brahman mai tozo. Brangus kashi 5 cikin 8 Angus marar tozo, 3 cikin 8 Brahman. Girolando ta Brazil kashi 5 cikin 8 Holstein, 3 cikin 8 Gir. Brahman ɗin kanta a Amurka aka haɗa ta daga irin Indiya kamar Guzerat da Nelore da Gir.

Lissafin ba shi da wuya: kason maraƙi shi ne kason uba a haɗa da na uwa a raba biyu. Tsantsar Holstein da tsantsar Gir suna ba da rabi da rabi. In aka mayar da wannan karsana ga bijimin Gir, 'yarta za ta zama kashi 1 cikin 4 Holstein. In aka ba wannan 'yar bijimin Holstein tsantsa, ɗaya da kwata a raba biyu, an samu 5 cikin 8. Zuriya uku kenan, kuma da yake kowace karsana sai ta kai shekara biyu zuwa uku kafin haihuwar fari, aikin na shekaru ne, ba ya yiwuwa sai da rubutaccen tarihin kowace dabba.

Wuraren da ake tuntuɓe sanannu ne. Na farko, a ga kyan gaurin farko sai a haɗa su da junansu, ana tsammanin 'ya'yan za su yi kama da iyayen. Rabin ƙarin kuzarin nan yana zubewa a zuriya ta biyu, maruƙan kuma su fito barkatai, wani ya ɗauko gashin Turai da ƙarancin madarar ɗaya ɓangaren. Irin da aka daidaita a kan 5 da 3 cikin 8 yana riƙe kimanin kashi 47 cikin 100 na ƙarin, juya bijiman iri biyu bi da bi kuma yana riƙe kimanin kashi 67. Na biyu, a ci gaba da ɗora bijimin Turai zuriya bayan zuriya, jini ya tashi daga 50 zuwa 75 zuwa 87.5 cikin 100. A ƙasa mai zafi, in babu inuwa da ruwa da abinci mai ƙarfi da wankan kaska a kan kari, abin da aka ƙara na madara a takarda yana tafiya a mutuwar maruƙa da tazarar haihuwa. A irin wannan yanayi tsayawa tsakanin rabi da 5 cikin 8 ya fi aminci.

Na uku shi ne wanda aka fi mantawa: wane ne uba, wace ce uwa. Bijimin Brahman a kan saniyar Angus ko Hereford yana ba da maraƙi mai nauyi a haihuwa, musamman namiji, cikin kuma ya ɗan daɗe, don haka naƙuda takan yi tsanani. In aka juya, bijimin Angus a kan saniyar Brahman, maraƙin yana zuwa ƙarami ya fito cikin sauƙi, duk da cewa kason jinin iri ɗaya ne, rabi da rabi. Saboda haka ba a ɗora bijimi mai tozo na manyan iri a kan karsanar Turai mai haihuwar fari.

Duk wannan lissafi yana buƙatar tsantsar iyaye a gefe biyu, kuma a nan ne abin damuwa yake. Ƙananan marasa tozo masu jure sammore suna narkewa a hankali cikin jinin masu tozo, domin mai garke yana son dabba mai girman jiki, kuma gauri irin su Borgou da Keteku sun fito ne daga wannan haɗi. Juriyar sammore ba ƙwayar gado ɗaya ke ɗauke da ita ba, tana warwatse a kuromosom da dama, don haka tana raguwa da kowane gauri, kuma ba a iya dawo da ita da bijimi ɗaya. Hanyar kiyaye ta ita ce ware garkunan tsantsa, a tabbatar da tsantsarsu da gwajin kuromosom na jiki, a kuma adana maniyyi da 'yan tayi a sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, daga bijimai da shanu da yawa waɗanda ba 'yan uwan juna ba.